Sandar Awon da Kafinta Ya Datse

Gara in faɗa tun farko, wani sashe na labarin nan ya kuɓuce mini. Na manta shekarar. Na manta ko Talata ce ko Laraba. Na taɓa rubuta shi a takarda, na sa takardar a cikin wani littafi don kada ta ɓata, yanzu kuma ban san wanda na ara wa littafin ba. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ku, kamar yadda mai shi ya ba ni. Maƙwabcina ne, kafinta. Shi ya yi mini kantar littattafan da nake jingine da ita yanzu, shekara da shekaru ko motsi ba ta taɓa yi ba. Mutum ne mai hannu.

Ina maganar me ma? Tafki.

Kafinta yana da wani ɗan kwale-kwale da ya haɗa da kansa. Duk lokacin zafi, in ya rufe shago da la'asar, sai ya ɗauki fatsa da bokiti da gwangwanin tana, ya gangara tafkin da ke bayan gari. Hukumar da ke kula da tafkin tana da doka: kifin da bai kai awo ba, a mayar da shi ruwa ya girma. Duk wanda ya karɓi takardar izini ana haɗa masa da sandar awo, 'yar mulmulalliya mai kaurin babban yatsa, tsawonta inci goma sha huɗu, an ƙona hatimin hukuma a kanta na sama. Kifi ya kai tsawon sanda, naka ne. Bai kai ba, na ruwa ne. In aka kama ka da gajere a bokiti, a karɓe takardarka, sai wata shekara.

Mai duba wannan doka wani dattijo ne da ake kira Mai Awo, kullum yana sanye da hula mai faɗin baki. Gwiwa ta dame shi, saboda haka ba ya wahalar da kansa da ɗauko tasa sandar daga ofis. Sai dai ya matso da jirginsa ya ce, "Miƙo taka." Ya duba hatimi, ya auna, ya wuce.

Shi kuwa kafinta, awo ne rayuwarsa. Fensir ba ya barin bayan kunnensa. Hatta 'ya'yansa bai ƙyale ba: katakon ƙofar ɗakinsa cike yake da zanen fensir, kowane yaro da layinsa, kowace shekara da nata. A can sama akwai layi guda mai ɗan karkata, nasa ne. Autarsa ce ta hau kujera ta ja shi tana da shekara goma, ta ce ba za a yi ta auna su shi yana gefe ba. Inci sittin da takwas da rabi. Ya san lambar kamar yadda ya san sunansa.

Dokar tafki ba ta taɓa yi masa nauyi ba. In ya kama ƙarami, sai ya cire ƙugiya a hankali, ya jiƙa hannu, ya sake shi, yana cewa, "Je ka girma. Ina nan ina jira." Kullum haka yake faɗa, har 'yan uwansa masu fatsa suna kwaikwayonsa.

To, a shekarar da nake magana zafi ya yi tsanani. Ruwa ya ja baya, manyan kifaye suka nutse can ƙasa inda ke da sanyi, ƙanana kaɗai ke taɓa tana. Matarsa kuma ta tashi daga doguwar jinya, ta rame, ba abin da ke zama a cikinta sai romon kifi. Kwana huɗu a jere yana dawowa da bokiti fayau.

"Baban yara," ta ce daga kan gado, murya ƙasa-ƙasa, "yau ma wanka ka kai bokitin?"

"Kifayen sun shiga taro ne a ƙasa. Gobe za su fito."

"To, in sun fito ka gaishe su."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Ya tsaya yana kallon wuyan hannunta da ya koma kamar tsinke.

Washegari, bayan almajiransa na shago sun tafi, ya ɗaure sandar awo a kan benci. Ya auna faɗin yatsa biyu daga ƙasa, nesa da hatimi. Zarto ya ci sau huɗu, guntun ya faɗi cikin dusar katako. Ya goge bakin da samfefa, ya shafa masa baƙin mai da ƙura har ya tsufa kamar sauran jikin sandar. Aiki ne mai kyau. Ya gaya mini daga baya cewa abin da ya fi ba shi kunya ke nan, wai har ya tsaya yana yaba hannunsa.

Kafinta ba ya yar da guntun katako, ko da ya kai ƙwayar gyaɗa. Akwai wani rami a ƙasan kwale-kwalen inda idon katako ya fita, ya daɗe yana toshe shi da tsumma yana yoyo. Ya gwada guntun a ramin. Ya shiga cif. Ya buga shi da guduma sau biyu, yoyo ya tsaya.

Mako guda abin yana tafiya. Mai Awo ya kan karɓi sanda, ya dubi hatimi, ya auna.

"Kai, kafinta, kifayenka suna kai awo daidai wa daida, kamar kai ka sassaƙa su."

"Sa'a ce, yallaɓai."

Matarsa ta fara tashi zaune. Ta fara takawa zuwa bakin ƙofa. Ya ce wa kansa kwana uku nan gaba zai je ya ce sandarsa ta ɓata, a ba shi sabuwa. Kwana ukun suka wuce, ya ƙara wasu uku.

Ranar da abin ya faru, ya tura kwale-kwalen zuwa ɓangaren da bado ya rufe, inda mutane ba su cika zuwa ba. Kifi yana ci sosai. Kafin rana ta yi ja ya sa bakwai a bokiti, kuma ya san ko ɗaya a cikinsu ba zai kai sandar gaskiya ba. Sauran masu fatsa sun fara naɗe igiya. Ya ji muryoyinsu suna nisa, ya ji an ja jirage kan tsakuwa, ya ji wani babur ya tashi. Ya ce bari ya jefa sau ɗaya, na ƙarshe.

Rana ta taɓa bakin ruwa. Iska ta ɗauke.

Da farko bai lura da komai ba, sai da ya ji numfashinsa da yawa. Sannan ya gane dalili. Kwaɗi sun yi shiru. Dubban kwaɗin da ke cika tafkin da kuka kowace magariba, duk sun yi tsit lokaci guda, kamar an rufe musu ƙofa. Sauron da ke cizon wuyansa ma ya ɓace.

Kifayen cikin bokiti suka daina motsi. Ya leƙa. Ba su mutu ba. Sun jeru ne, kawunansu duka suna fuskantar gefe guda.

Ya bi inda suke kallo.

Jirgi ne ke tahowa ta cikin bado. Mutum ɗaya a ciki, a zaune, da hula mai faɗin baki. Kafinta ya sauke ajiyar zuciya. Ya ɗaga hannu.

"Yallaɓai! Yau ka yi yamma."



Jirgin ya ci gaba da matsowa. Sai wani wari ya riga shi isowa, warin taɓon ƙasan ruwa wanda rana ba ta taɓa gani ba, haɗe da ƙarni mai sanyi. Kafinta ya dubi hannun mutumin. Babu filafili. Ya dubi ruwan gaban jirgin. Ba ya tsagewa. Ganyen bado ko ɗaya bai kauce ba.

Jirgin ya tsaya jikin nasa, bai ko taɓa shi ba.

"Miƙo taka."

Kalmomin na Mai Awo ne. Muryar kuwa kamar daga cikin tulu take fitowa.

Ya miƙa sandar. Hannun da ya karɓa jiƙe yake, dogo, akwai wata fata siririya tsakanin yatsun. Ruwa yana ɗiga daga bakin hular, ɗis, ɗis, ɗis, ba ya ƙarewa. A ƙarƙashin hular akwai idanu biyu, zagayayyu, a buɗe. Kafinta ya jira su ƙifta.

Ba su ƙifta ba. Ba su da abin ƙiftawa.

Ya so ya yi addu'a. Farkon ayar ya zo, sauran ya ƙi.

Abin ya shafa hatimi da babban yatsa. Kafinta bai ga lokacin da ya tsallako ba, sai dai ya gan shi a tsugune a cikin kwale-kwalensa, gaban bokiti, kuma kwale-kwalen bai ko karkata ba. Ya ɗauki kifi na farko, ya kwantar da shi jikin sanda.

"Ya kai."

Ya mayar da shi bokiti. Ya ɗauki na biyu.

"Ya kai."

Haka har bakwai. Kifayen ba su fizge ba, sun kwanta masa lamo.

"Saura ɗaya."

"Bakwai ne, yallaɓai," kafinta ya ce. "Ka gama."

"Kwanta."

Bai yi niyya ba. Sai kawai ya ji bayansa ya sami katako. Sama ta koma kalar toka a kansa, tauraro ɗaya ya fito.

"Mu ma muna da doka," abin ya raɗa. "Duk wanda magariba ta samu a kanmu, ana auna shi. Ya kai sanda biyar, namu ne. Bai kai ba, na tudu ne."

Ko a cikin wannan hali kan kafinta bai daina lissafin awo ba, don ya riga ya zama jini. Goma sha huɗu sau biyar, saba'in. Shi kuwa sittin da takwas da rabi. Bai kai ba. Saura yatsa biyu. Wani daɗi ya taso masa daga ciki.

Sai ya tuna ƙarar zarto.

Sanyin sanda ya taɓa diddigensa.

"Ɗaya."

Wani abu ya gogi ƙasan kwale-kwalen, a hankali, daga baya zuwa gaba.

"Biyu."

Yatsa mai sanyi ya danna cinyarsa, ya riƙe wurin, aka ɗaga sanda aka ɗora.

"Uku."

Ya ji ana numfashi a gefen jirgin. Ba mutum ɗaya ba.

"Huɗu."

Ya juya ido. Yatsu ne a jere a bakin katako, hagu da dama, jiƙaƙƙu, suna riƙe. Ba a ganin masu su.

"Biyar."

Bakin sandar ya tsaya a kan karan hancinsa. Ya ji warin baƙin man da ya shafa da hannunsa.

"Ya kai. Har ya wuce."

Daga ƙarƙashin ruwa muryoyi suka amsa, ƙanana da manya. Ya kai. Ya kai. Ya kai. Kwale-kwalen ya fara karkata hagu.

"Ba daidai take ba!"

Karkatar ta tsaya.

"Sandar ba daidai take ba. Na datse ta. Ni na datse ta, da zarto, yatsa biyu. Wallahi na datse ta."

Idanun suka sauko dab da fuskarsa. Ruwan hular yana ɗiga a goshinsa.

"Hatimi yana nan."

"Daga ƙasa na yanke."

"Da ita ka auna 'ya'yanmu. Ka ce sun kai."

"Ƙarya na yi."

"Ina ragowar?"

Tana ƙarƙashin ƙugunsa. Yana jin tudunta a bayansa tun da ya kwanta. Ya san abin da take tarewa, ya san zurfin wurin nan, ya san kuma rabonsa da iyo tun yana saurayi.

Kwale-kwalen ya ƙara karkata.

Ya cusa hannu ƙarƙashinsa. Guntun ya sha ruwa ya kumbura. Ya ja, ya ƙi. Ya sa farce, farcen ya tsage. Ya murɗa da dukan ƙarfinsa, yana jin fatar yatsunsa tana salewa.

Ya fito.

Ruwa ya taso ta ramin, mai sanyi kamar ba lokacin zafi ba. Ya bi bayansa, ya shiga rigarsa.

Abin ya karɓi guntun. Ya juya shi. Ya haɗa shi da bakin sanda, suka zauna cif, don yankan kafinta ba ya karkata. Bai yi sauri ba. Ya koma wajen diddige.

"Ɗaya."

Ruwa ya rufe ƙafadunsa.

"Biyu."

Bokiti ya taso, ya yi lilo, ya kife. Ya ji kifaye suna shafar haƙarƙarinsa suna wucewa.

"Uku."

Ruwa ya shiga kunnuwansa. Muryoyin suka fito sarai, kusa, suna ƙirgawa tare.

"Huɗu."

Ruwa ya kai gefen bakinsa. Ya so ya ɗaga kai, ya tuna in ya miƙe wuya zai ƙara tsawo. Ya kwanta. Ya rufe baki.

Sanda ta bi ta kan fuskarsa, ta wuce goshi, ta wuce gashi.



Yatsu biyu masu sanyi suka sauka a tsakar kansa, suka cike gurbin da ya rage.

"Bai kai ba."

Wani dogon nishi ya bi cikin ruwan. Yatsun da ke bakin katako suka saki, ɗaya bayan ɗaya.

Hannun ya kama shi ta ƙarƙashin muƙamuƙi, ya ɗaga shi sama gaba ɗaya, a hankali, da tausayi, kamar yadda shi yake ɗaga ƙaramin kifi. Bakin abin ya zo saitin kunnensa.

"Je ka girma. Muna nan muna jira."

Aka jefa shi.

Bai san tsawon lokacin da ya yi a iska ba. Ya faɗi a cikin taɓo, ruwa iya gwiwa, nesa da inda ya bar takalmansa. Ya rarrafa. Bai waiwaya ba sai da tafin hannunsa ya taɓa busasshiyar tsakuwa. Tafkin a kwance yake lumui, ba jirgi ko ɗaya, nasa ma babu. Sai kwaɗi suka ɓarke da kuka gaba ɗaya.

Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da fitila lokacin da ya iso, ba takalmi, ba bokiti, jini yana bin yatsunsa.

"Baban yara, yau kai ka yi wankan, ka bar bokitin?"

Da ta ga fuskarsa sai ta ajiye fitilar, ta riƙe shi da hannu biyu.

Da safe ya je ofishin hukuma, ya ajiye takardar izininsa a kan tebur, ya faɗi abin da ya yi wa sanda, bai rage komai ba. Mai Awo yana zaune da gwiwa a naɗe. Ya ce shi kwana biyu ke nan bai shiga ruwa ba, jirginsa ma yana kife a bayan ofis ana jiran a liƙe shi. Ya daɗe yana kallon kafinta. Daga ranar ya koma ɗaukar tasa sandar.

Matar ta warke sarai, har ta yi ƙiba. Kafinta bai sake taka bakin tafkin ba. In aiki ya kai shi wancan ɓangaren gari, gara ya yi zagaye. Na lura ya koma ɗaukar katako a ka, shi da kansa, manya-manyan falankai, alhali yana da baro kuma yana da masu ɗauka. Matarsa ta ce a dunƙule yake barci, gwiwa a ƙirji. Na zaci tsoro ne kawai, irin wanda lokaci ke wankewa.

Akwai abin da ya faru tsakanin nan da zafin da ya biyo, wani ya zo, ko wani ya tafi, ya ɓace mini. Abin da na riƙe shi ne wata yamma ya shigo ɗakina, ya zauna a ƙasa kusa da kantar da ya yi mini, ya ba ni labarin nan duka. Da ya gama sai ya nuna mini ƙafar wandonsa.

"Malam, dubi nan. Matata ta ce wanki ne ya sa ya ɗage. Duka wandunan?"

"Shekarunka nawa?"

"Hamsin da huɗu."

"Mai hamsin da huɗu ba ya tsawo, sai dai ya rankwafa. Dube ni."

"To zo ka gani da idonka. Ni na daina yarda da hannuna."

Ban cika yarda da abin da ban gwada ba, ko a littafi. Na ɗauki rula tawa ta ƙarfe, wadda zarto ba ya ci, muka tafi gidansa. Na fara auna layin da autarsa ta ja, daga daɓe zuwa sama: sittin da takwas da rabi, ba ragi ba ƙari. Na sa ya cire takalmi da hula. Ya jingina da katakon ƙofa, diddige a manne. Na ɗora littafi a kansa, na ja sabon layi, na ce ya matsa.

Na sake aunawa sau uku, matarsa tana riƙe da fitila. Wannan kam ban manta ba, don da na dawo gida a jikin bango na rubuta shi, inda ba mai ara. Sabon layin ya ɗara tsohon da faɗin yatsa ɗaya.